Ma'aikatan nan dai su ne na bara, to me ya kashe musu gwiwa?

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin shugabannin wuraren aiki, musamman bayan an kawo sabon tsari, ko an haɗe sassa biyu, ko an rage mutane, ko an ce daga yau komai ta kwamfuta za a riƙa yi. Sai kaji oga na ƙorafi wai ma'aikatansa sun lalace, ba sa son aiki, kowa agogo kawai yake kallo, da can ba haka suke ba. Ni kuma duk sanda naji wannan maganar tambaya ɗaya ce ke zuwa mini, to ai mutanen nan su ne dai na bara, ba musanyarsu aka yi da daddare ba, wanda ke tsayawa har bayan tashi don ya ƙarasa aiki shi ne yau yake haɗa jakarsa tun saura minti goma, me ya same shi? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abun da ya kamata mu fara ganewa shi ne aiki kashi biyu ne a kowace ma'aikata. Akwai wanda aka rubuta a takardar ɗaukarka, ka zo ƙarfe kaza, ka tashi ƙarfe kaza, ga abun da za ka yi, ga wanda za ka kai wa rahoto. Sannan akwai wanda babu inda aka rubuta shi kuma ba mai iya tsare ka a kansa. Ka ga sabon ma'aikaci ya rikice ka ja kujera ka nuna masa, ka hango kuskure a aikin wani sashe da ba naka ba ka ɗaga waya ka faɗa musu kafin ya kai ga kwastoma, abokin aikinka ɗansa ba lafiya ka riƙe masa aikinsa ba tare da an ce ka yi ba, kaji ana zagin kamfanin a waje ka kare shi. Wani malamin jami'a a Amurka, Dennis Organ, shi da abokan bincikensa tun 1983 suka fara nazarin wannan kashi na biyun a matsayin abu mai zaman kansa, suka kwatanta shi da halin ɗan ƙasa na gari, wato mutum ya ɗauki wurin aikin kamar nasa ne, yana da haƙƙi a kansa. Kuma gaskiyar magana da wannan kashi na biyun ne wurare ke tafiya. Shi ya sa ma ƙungiyoyin ƙwadago suke da wani salon yajin aiki da ba a ƙauracewa ofis, kowa zai zo amma ya yi daidai abun da ƙa'ida ta rubuta kawai ba ƙari ko kaɗan, kuma in aka yi haka cikin 'yan kwanaki sai kaga aiki ya cushe.

To wannan kashi na biyun kyauta ce, ma'aikaci ne ke ba da ita don ya ga dama, kuma mutum ba ya yi wa wanda yake ganin ya cuce shi kyauta. A nan maganar canji ke shigowa. Denise Rousseau, wata farfesa da ta daɗe tana nazarin alaƙar ma'aikaci da ma'aikatarsa, ta yi wani sanannen rubutu a 1989 kan abun da ni zan kira yarjejeniyar zuci. Bayan kwantiragin da aka sa wa hannu, kowane ma'aikaci na da wani lissafi a ransa da bai taɓa faɗa da baki ba, in na yi haƙuri shekara kaza za a ƙara mini girma, in na riƙe amana ba za a watsar da ni ranar da abubuwa suka yi tsanani ba, gwanintar da na tara za a riƙa ganin darajarta. Babu alƙalin da zai karɓi ƙara a kan wannan amma a kansa mutum yake ɗora rayuwarsa. Ranar da aka tashi aka canza tsari, sau da yawa kwantiragin takarda na nan yadda yake, albashi bai ragu da ko sisi ba, amma na zucin an yayyaga shi. Mutumin da shekara goma sha biyar kowa ke zuwa wurinsa tambaya saboda shi ya san kan tsohon tsarin, yau an kawo sabuwar manhaja ya koma ɗan koyo, yaron da ya koya wa aiki ne ke nuna masa inda zai danna. Wadda aka yi wa alkawarin muƙami da baki, an haɗe sashenta da wani, muƙamin ya ɓace gaba ɗaya, wanda ya yi alkawarin ma an tura shi wani reshe. Oga na kallon takarda yana cewa ni ban rage wa kowa komai ba, su kuma suna kallon abun da suka rasa wanda ba ya cikin takardar. Daga nan kowa ya fara janye kyautarsa a hankali, ba rigima ba hayaniya, kawai ya daina.

Labarin da ya fi gamsar da ni cewa matsalar ba wai mutanen ne suka lalace ba shi ne na wata masana'antar motoci a garin Fremont na jihar Kalifoniya. Kamfanin General Motors ne ke da ita, kuma ta yi ƙaurin suna a matsayin ɗaya daga cikin mafi muni a duk masana'antun kamfanin. Fashin aiki ya kai wajen kashi 20 cikin 100, ana shan giya a bakin aiki, yajin aiki ba sanarwa, har akwai masu jefa kwalba cikin ƙofar mota da gangan don ta riƙa ƙara ta dami wanda zai saya. A 1982 aka rufe ta. Duk wanda ka tambaya a lokacin zai ce maka ma'aikatan wurin ne ba su da hali. Sai a 1984 aka sake buɗe ta a haɗin gwiwa da Toyota da sunan NUMMI, kuma abun mamakin shi ne mafi yawan waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan ne dai, har da shugabannin ƙungiyar ƙwadagon da ake ganin su ne masu tada fitina. Aka kwashi ɗaruruwansu aka kai su Japan suka ga yadda ake aiki a can. A tsohon tsari doka ɗaya ce babba, layin haɗa mota ba ya tsayawa ko me ya faru, in ka ga an ɗaura abu a karkace ka bar shi ya wuce a gyara daga baya, in ka tsayar da layi kana iya rasa aikinka. A sabon tsari an rataye igiya a saman kan kowa, in ka ga matsala ka ja, shugaban rukuninku ya rugo ya taimaka maka, in ba a warware ba layin ya tsaya. Cikin ɗan lokaci fashin aiki ya faɗo zuwa wajen kashi 2 ko 3, ingancin motocinsu ya shiga sahun gaba a duk General Motors.

Ka tsaya ka duba abun da igiyar nan ke faɗa wa ma'aikaci. Da can ana ce masa kai hannu ne kawai, idonka da hankalinka ba mu buƙata. Yanzu ana ce masa mun yarda da idonka har mun ba ka ikon tsayar da masana'anta guda. Mutum ɗaya ne, gini ɗaya ne, amma wanda ke jefa kwalba a ƙofar mota ya koma mai kawo shawarar yadda za a rage kuskure.

Wani zai ce ai duk wannan dogon turanci ne, a biya mutane da kyau kawai shikenan. Ni ba na cikin masu raina maganar kuɗi, kuma wallahi ina jin haushin shugaban da zai tara mutanen da albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata ya riƙa yi musu lacca kan kishin aiki. Henry Ford ya ga wannan tun 1913, lokacin da mutane ke gudu daga masana'antarsa har sai da ya ɗauki sama da mutum 50,000 a shekara ɗaya don ya riƙe guraben da ba su wuce 14,000 ba, a watan Janairun 1914 ya mayar da ladan yini dala 5, sama da ninki biyu, gudun ya ragu sosai. Amma kuɗi na da iyakar abun da yake iya yi. Frederick Herzberg a 1959 ya tambayi injiniyoyi da akantoci wajen 200 a yankin Pittsburgh su ba shi labarin lokacin da suka ji daɗin aikinsu da lokacin da suka ji haushinsa, sai ya ga abubuwan biyu ba daga rijiya ɗaya suke fitowa ba. Haushi yawanci daga albashi ne da dokokin kamfani da halin oga da yanayin wurin, jin daɗi kuma daga cimma wani abu, da yabo, da ba ka alhaki, da shi kansa aikin. Masana sun soki hanyar binciken nasa kuma suna da gaskiya a wasu wurare, amma darasin ya zauna, gyara albashi na cire ƙaya daga ƙafa, ba shi ke sa mutum gudu ba.

Wani lokacin ma kuɗin ne ke ɓata abun. Edward Deci ya nuna a 1971 cewa ɗaliban da aka fara biya don su warware wani wasan ƙwaƙwalwa da suke jin daɗinsa, da aka daina biyan sai sha'awarsu ta ragu. Akwai kuma binciken da aka wallafa a 2000 kan gidajen rainon yara a birnin Haifa, inda aka sa wa iyaye 'yar tara in suka makara ɗaukar yaransu, maimakon makara ta ragu sai ta ƙaru, don da can kunyar malama ce ke sa su sauri, da aka sa farashi sai abun ya koma ciniki, na biya ai. Da aka cire tarar ma makarar ba ta koma yadda take ba. Haka yake a ofis, ranar da ka fara sa wa kowane taimako farashi to ka koya wa mutane kada su ɗaga ko tsinke sai an lissafa musu.

Mafi muni shi ne inda aka haɗa bonas da barazana aka ɗora a kan lamba ɗaya. Bankin Wells Fargo na Amurka ya matsa wa ma'aikatan rassansa lamba kan kowane gida na kwastoma ya mallaki hajojin bankin har takwas, ana bibiyar adadin kullum, wanda bai cika ba yana cikin haɗarin kora. Me mutane suka yi? Suka shiga buɗe wa kwastomomi asusu da katin bashi ba da saninsu ba. A watan Satumbar 2016 abun ya fashe, aka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka bayyana cewa an kori ma'aikata wajen 5,300, daga baya adadin asusun da ake zargi ya kai wajen miliyan 3.5, shugaban bankin John Stumpf ya sauka a watan Oktoba. Ba na wanke wanda ya yi sa hannun ƙarya, laifi laifi ne. Amma in mutum dubu biyar suka yi laifi iri ɗaya a rassa daban daban to ba dubu biyar ɗin kaɗai za ka duba ba, ka duba wanda ya tsara abun da ake auna su da shi. Kuma irin wannan ya fi faruwa ne daidai lokacin canji, sabon shugaba ya zo yana son ya nuna lambobi cikin wata shida.

Abun da ya fi bonas ƙarfi a lokacin canji, a iya fahimtata, shi ne yadda aka yi da mutane. Ba abun da aka yanke kaɗai ba, yadda aka yanke shi da yadda aka faɗa. Akwai wani bincike na Jerald Greenberg da ya fito a 1990 wanda nake ganin ya kamata duk mai riƙe da mutane ya san shi. Wani kamfani a Amurka ya rasa manyan kwangiloli, maimakon ya kori mutane sai ya yanke shawarar rage albashi da kashi 15 cikin 100 na tsawon mako 10 a masana'antunsa biyu. A ta farko shugaban kamfanin ya zauna da ma'aikata ya ɗauki lokaci mai tsawo, ya nuna musu lissafin, ya ce ragin ya shafi kowa har da shi, ya nuna abun na damunsa, ya amsa tambayoyi. A ta biyu aka yi gajeren mitin aka sanar aka tashi. Ragi iri ɗaya, mako goma a duka biyun. Satar kayan kamfani ta ƙaru a duka biyun, amma a inda ba a yi bayani ba ta yi tashin gwauron zabi, kuma masu ajiye aiki sun fi yawa nesa ba kusa ba. Da aka dawo da albashi satar ta koma yadda take. Kaga kenan mutanen ba ɓarayi ba ne a ɗabi'arsu, sun ji an ƙwace musu abu kuma an raina su, sai suka biya kansu da hannunsu. Mutane na iya shanye labari mai ɗaci ƙwarai, abun da ba sa shanyewa shi ne a yi musu shi da wulaƙanci ko su tsinta a bakin 'yan gulma kafin su ji daga sama.

Sai kuma maganar sa baki. Tun 1948 Lester Coch da John French suka wallafa abun da suka gani a masana'antar ɗinkin kayan barci ta Harwood a jihar Bajiniya, inda duk sanda aka canza wa ma'aikata salon aiki sai aiki ya faɗi wasu su gudu. Suka raba mutane rukuni rukuni. Wasu aka kira su aka faɗa musu ga sabon tsari ku je ku yi. Wasu aka bar su suka zaɓi wakilai. Wasu kuma kowa da kowa aka zauna da shi aka tsara sabon salon tare. Na farkon aikinsu ya faɗi bai farfaɗo ba, ga ƙorafi ga ajiye aiki, na ƙarshen kuwa cikin 'yan kwanaki suka dawo daidai har suka wuce inda suke a da. Fiye da shekara saba'in kenan da sanin wannan, amma har gobe ana tsara canji a ɗaki a rufe da 'yan kwangilar ba da shawara da ba su taɓa yin aikin ko na yini ɗaya ba, sannan a turo imel da yammacin ranar ƙarshen mako. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wadda ke karɓar ƙorafin kwastoma kullum ta san inda sabon tsarin zai karye tun kafin a fara shi.

Amma fa a yi hattara, akwai tuntuɓar ganin ido wadda ta fi rashin tuntuɓar ciwo. A raba fom a ce kowa ya faɗi ra'ayinsa alhali an riga an sa hannu tun watan jiya. Ma'aikata ba yara ba ne, suna ganewa, kuma in suka gane sau ɗaya to fom na gaba ba wanda zai rubuta gaskiya a ciki. In an riga an yanke hukunci gara a fito a ce wannan an gama shi ba ya canzuwa, ga dalili, amma yadda za a aiwatar da shi a sashenku yana hannunku. Wannan ya fi mutunci.

Tsoro kuma shi ne ke kashe sauran abun da ya rage. Bayan an rage ma'aikata shugabanni kan ɗauka waɗanda suka tsira za su ƙara ƙwazo don godiya, amma binciken Joel Brockner tun shekarun 1980 ya nuna waɗanda suka rage suna kallon yadda aka yi da waɗanda aka sallama ne su yanke hukunci a kan kamfanin. In an kori mutum kamar ɓarawo, an kashe masa kwamfuta kafin ya ji labari, to wanda ke kujerar kusa da shi ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, zai shafa wa nasa ruwa, ya fara neman wani aikin a ɓoye, ya daina koya wa kowa abun da ya sani don kada a ga za a iya yi ba shi. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ci karo da wani abu a asibitoci a shekarun 1990 da ya ɗaure mata kai da farko, rukunin ma'aikatan jinya da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne aka fi samun rahoton kuskuren magani a wurinsu. Ashe ba wai sun fi yin kuskure ba ne, sun fi iya faɗa ne don ba sa tsoron a ci mutuncinsu. A lokacin canji kowa ɗan koyo ne, kuskure dole ne, to in wurin ya zama wanda ba a isa a ce ban gane ba, sai kowa ya gyaɗa kai a mitin ya koma teburinsa ya ci gaba da tsohuwar hanya a ɓoye.

Canjin da ya fi girma a zamaninmu shi ne wanda korona ta jawo a 2020, aiki daga gida, kuma har yanzu ana ja-in-ja a kai. Tun kafin annobar Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford ya yi gwaji da kamfanin tafiye tafiye na Ctrip a Shanghai, masu amsa waya da aka bari suka yi aiki daga gida ƙwazonsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, masu ajiye aiki suka ragu da rabi. Amma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba, an fi mantawa da su wajen ƙarin girma, kuma da aka ba su zaɓi kusan rabinsu suka koma ofis, da yawa saboda kaɗaici. A 2024 ya sake wallafa wani gwajin da mutum 1,612 a kamfanin, kwana biyu a gida uku a ofis, ajiye aiki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku kuma ƙwazo bai ragu ba. Ni abun da na ɗauka a nan ba wai gida ya fi ofis ba ne ko ofis ya fi gida. Mutane na son a yarda da su, kuma suna son mutane. Shi ya sa kamfanin da ya bar ka a gida sannan ya dasa maka manhajar da ke ƙirga sau nawa ka taɓa madannai ya ba ka da dama ya karɓe da hagu, kuma sakamakon shi ne har na'urar girgiza linzamin kwamfuta ake sayarwa don a ga kamar kana aiki. Aikin ganin ido ne dai ya canza riga.

Akwai wani abu mai arha da ake mantawa da shi. Adam Grant ya yi gwaji da masu kiran waya suna neman gudummawa don tallafin karatun ɗalibai a wata jami'a, aiki ne mai gajiyarwa, yawancin waɗanda ka kira kashe waya za su yi. Aka kawo ɗalibi ɗaya da ya ci moriyar tallafin ya zauna da wasunsu na wajen minti biyar ya ba su labarinsa, bayan wata ɗaya lokacin da suke yi a waya da kuɗin da suke tarawa duk sun ninka fiye da sau biyu. Ba a ƙara musu ko sisi ba, sun dai ga fuskar wanda wahalarsu ke amfana. Sabbin tsare tsare da yawa suna yin akasin haka ne, suna yanka aiki gunduwa gunduwa har mutum ya wayi gari lambobi kawai yake cikewa a allo bai san ina suke zuwa ba.

Duk wannan nauyin kuma a kan wa yake sauka? Ba kan babban shugaba ba, kan ƙaramin manaja ne, wanda ke tsakiya, sama na danna shi ƙasa na hararsa, an ba shi canjin da ba a shawarce shi ba an ce ya je ya sayar wa mutanensa. Kamfanin Gallup da ke auna wannan a duniya ya ce a 2024 kashi 21 cikin 100 ne kawai na ma'aikata zuciyarsu ke cikin aikinsu da gaske, kuma faɗuwar ta fi yawa a tsakanin manajoji, daga kashi 30 zuwa 27. Gallup ɗin ne kuma ya daɗe yana cewa mafi yawan bambancin da ke tsakanin rukunin da ke da himma da wanda ba shi da ita daga manajan yake. Wanda gwiwarsa ta mutu ba zai iya tayar da ta wani ba, kuma yawancinsu an ba su muƙamin ne don sun iya aikin hannunsu, ba wanda ya taɓa koya musu yadda ake zama da mutumin da ransa ya ɓaci a saurare shi.

Ina so in faɗi wani abu da ke damuna game da yadda ake amfani da kalmar kyakkyawan hali ɗin nan. A wasu wuraren ma'anarta ta koma ka yi shiru, ka yi murmushi, ka ɗauki aikin mutum biyu da aka kora ba ƙarin komai, ka amsa saƙo ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Duk wanda ya ce wannan tsarin zai ba da matsala sai a sa masa sunan mai taurin kai ko mai baƙin ciki da ci gaba. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi kenan. Kyautar da aka mayar dole ta daina zama kyauta, kuma mai yawan taimakon nan shi ke fara ƙonewa, wato ƙarfin jiki da na zuciya su ƙare masa, don kowa wurinsa yake kai kaya. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta bayyana wannan ƙonewar a matsayin abu da ke fitowa daga matsin aikin da ba a magance ba, ba banza ba Faransa ta fara aiki da dokar da ta ba ma'aikaci haƙƙin kashe waya bayan tashi a 2017. Abun da matasa suka yi ta yayatawa a TikTok a 2022, wai ka ajiye aiki a zuci kana nan a kujerarka, ba sabon abu ba ne, janye kyautar nan ce aka yi wa sabon suna. Sau da yawa mutumin da ke ɗaga hannu a mitin yana gardama shi ne wanda har yanzu ya damu, wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne wanda da yana magana yanzu ya koma cewa to ranka ya daɗe duk yadda aka yi daidai ne.

Ba ina cewa ma'aikaci ba shi da nasa ba. Akwai malalaci na gaske, akwai mai zuga, akwai wanda ko me aka kawo sai ya kushe don kawai ba shi ya kawo ba, kuma barin irin wannan ba hukunci shi ma rashin adalci ne ga masu ƙoƙari, don suna gani. Wanda ya karɓi albashi amana ce a wuyansa, haushin oga ba hujja ba ce ta wulaƙanta kwastoman da bai san hawa ba bai san sauka ba. Amma waɗannan tsiraru ne, kuma kuskuren da ake yi shi ne a tsara dokar wuri gaba ɗaya saboda mutum uku, a ɗaure mutum ɗari da igiyar da aka saƙa don su.

Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, wato AI, tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamban 2022 kamfanoni da yawa na ce wa ma'aikatansu su rungume ta, su nemo hanyoyin da za ta rage musu aiki. To ka sa kanka a matsayin ma'aikacin. Ana roƙonsa ya kawo kyautarsa mafi tsada, wato ya nuna dabarar da aikin awa takwas zai koma na awa uku, alhali ba wanda ya faɗa masa me zai faru da sauran awa biyar ɗin, ko da shi kansa. Tambayar da ke ransa ɗaya ce, in na nuna muku ni za a fara sallama? Muddin ba a amsa ta ba to zai yi amfani da manhajar a ɓoye ya yi shiru, ko ya ce ba ta aiki. A masana'antar motocin nan ta Fremont sun amsa irin wannan tambayar tun a rubuce, yarjejeniyarsu da ƙungiyar ƙwadago ta ce ba za a sallami ma'aikata ba sai in rayuwar kamfanin ce ke cikin haɗari, kuma kafin a kai ga haka sai an fara rage albashin manya. A 1988 ciniki ya faɗi har masana'antar ta koma aiki da wajen kashi 60 cikin 100 na ƙarfinta, ma'aikata suka zuba ido su ga ko maganar takarda ce kawai. Ba a kori kowa ba, waɗanda babu aiki a layinsu aka tura su horo da rukunin gyara tsarin aiki har kasuwa ta dawo.